Yadda ake gwajin gajiyar kwalta a ɗakin gwaji

Gwajin Marshall da aka fi sabawa da shi a ɗakunan gwajin kayan hanya na Bauchi da Gombe yana nuna nauyin da kwaɓin kwalta zai ɗauka sau ɗaya kafin ya ba da gari. Hanya kuwa ba sau ɗaya ake taka ta ba. Tirelar siminti da ta taso daga Ashaka, da tankar mai, da motar hatsi, duk tayar da ta wuce sai ta ɗan lanƙwasa shimfiɗar kwalta, ƙasan shimfiɗar ya miƙe kaɗan ya koma. Yau da gobe sai tsaga ta faro daga ƙasa ta hauro, har ta bayyana a sawun taya da zanen nan da ake kira fatar kada. Gwajin gajiya yana ƙirga sau nawa kwaɓi zai jure wannan lanƙwasa kafin ya karaya. Bayanin nan na ɗalibi ne ko sabon ma'aikacin ɗakin gwaji da ya iya Marshall amma bai taɓa ɗora sanda, wato dogon yankin kwalta da ake yankowa daga dannannen allo, a injin lanƙwasa ba.

Abubuwa uku za ka riƙa cin karo da su. Ƙarfin ja shi ne abin da ke jan ƙasan sanda, ana auna shi da kPa ko MPa. Miƙewa ita ce yawan tsawon da ƙasan ya ƙara idan aka gwada da tsawonsa na asali, kuma saboda ƙanƙantarta da maikurositiren ake faɗinta, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Tauri shi ne ƙarfin ja a raba da miƙewa.

Kayan aiki

- Injin lanƙwasa mai mariƙai huɗu, na iska ko na mai, da ma'aunin nauyinsa da ma'aunin motsi da ake kira LVDT, da kwamfutarsa.
- Akwatin daidaita zafi da zai riƙe digiri 20 ba tare da ya kauce fiye da rabin digiri ba.
- Tanderun lantarki, aƙalla biyu idan da hali: ɗaya na tsakuwa, ɗaya na bitumin da mol.
- Injin kwaɓi da zai ɗauki kilo 20 zuwa 25, da faranta masu faɗi.
- Mol na ƙarfe da rolar danne allon kwalta.
- Zarton yanka dutse mai haƙorin lu'ulu'u da ruwan sanyaya shi.
- Ma'aunin kalifa, miƙaƙƙiyar rular ƙarfe, sikeli mai ƙugiyar auna abu a cikin ruwa, kayan gwajin Rice (mai nuna nauyin kwaɓi idan babu gurbin iska ko kaɗan a cikinsa), ma'aunin zafi mai tsinke.
- Gam mai haɗi biyu, fenti ko alli na alama, safar hannu ta zafi, tabarau, abin toshe kunne.
- Tsakuwa da garin dutse da bitumin na ainihin aikin da ake yi wa gwajin, yawanci mai lambar laushi 60/70 a hanyoyinmu.
- Janareta da batirin ajiye wuta na kwamfuta. Kada ka ɗauke su a matsayin ƙari. Ba su, ba gwaji.

Mataki na 1: Zaɓi tsarin lodi kafin ka taɓa tsakuwa

A nan ne aka fi tafka kuskure, don haka a bi shi a hankali. Hanyoyi biyu ne.

A tsarin tsayar da lanƙwasa, kana umartar inji ya lanƙwasa sanda daidai gwargwado ɗaya a kowane zagaye, wato kowace lanƙwasa ɗaya da komawarta. Yayin da sanda ke gajiya, nauyin da inji ke buƙata don kai ta wurin sai ya riƙa raguwa. Sanda ba ta cika rabewa biyu ba, sai dai ka ga taurinta yana sauka.

A tsarin tsayar da nauyi, nauyi ɗaya ake ɗora mata a kowane zagaye. Tana gajiya tana ƙara lanƙwasa, tsaga na buɗewa sauran naman da bai tsage ba yana ɗaukar ƙarin wahala, sai ƙarshen ya zo da sauri, ta karye. Wannan tsari ya fi saurin ƙarewa, adadin zagayen da yake bayarwa ya fi ƙanƙanta, kuma sakamakon sanduna iri ɗaya ya fi kusantar juna.

Abin da ya sa zaɓin ke da nauyi shi ne tsarin biyu suna iya ba ka amsa mai karo da juna a kan kwaɓi guda. Ɗauki busasshen kara da ɗanyar tsumagiya. Ka lanƙwasa su gwargwado ɗaya, kara ne zai fara karyewa. Ka rataya musu nauyi ɗaya mara yawa, kara ko gezau, tsumagiya ce za ta rusuna. Haka kwaɓi mai tauri yake cin gasa a tsarin tsayar da nauyi, ya sha kaye a tsarin tsayar da lanƙwasa. Wanda ya haɗa bitumin da wani abu, ko tokar ɓuntun shinkafa ce ko roba ko siminti, ya ce ya inganta juriyar gajiya ba tare da ya faɗi tsarin da ya bi ba, bai gama magana ba.

Kaurin shimfiɗa ne ke yanke hukunci. Tsohuwar ƙa'idar da ake bi ita ce: shimfiɗar da ba ta wuce milimita 50 ba tana bin motsin abin da ke ƙarƙashinta ne, taurinta ba ya hana ta lanƙwasa, don haka tsarin tsayar da lanƙwasa ya dace da ita. Wadda ta kai milimita 150 ko fiye ita ke ɗaukar kaya da kanta, tsarin tsayar da nauyi ya fi kama da halinta. To, manyan hanyoyinmu da dama milimita 60 ne na ƙasa da 40 na sama, jimla 100, tsakiya ke nan. A irin wannan, shawarata ka yi tsarin tsayar da lanƙwasa a matsayin babban gwaji, idan sanduna sun wadata ka ƙara jeri guda na tsayar da nauyi don ka ga ko jerin gwanayen ya juye. Titin cikin gari mai shimfiɗa ɗaya ta milimita 40 ko 50 a kan jar ƙasa ba ya buƙatar wannan kai-komo.

Ka kuma zaɓi ƙa'idar da za ka bi, ka tsaya a kanta. Ta Amurka, AASHTO T 321, tsarin tsayar da lanƙwasa ce, ita ce mafi yawan ma'aunan da ke ƙasa suka fito daga gare ta. Ta Turai, EN 12697-24, ta ƙunshi hanyoyi da dama kuma tana son sanduna aƙalla 18, a matakai uku. Rubuta shirin a takarda: matakan miƙewa uku, misali maikurositiren 250 da 400 da 600, sanduna nawa a kowane mataki, zafi, da saurin zagaye. Ƙara sanduna huɗu ko biyar na asara.

Mataki na 2: Kwaɓi da tsufantarwa

Busar da tsakuwa a digiri 110 har nauyinta ya daina raguwa, ka tankaɗe, ka haɗa kowane girma bisa tsarin kwaɓin da aka amince da shi. Kada ka ɗebo daga tsibi kai tsaye ka ce ai an riga an gauraya. Manyan tsakuwa suna gangarowa gindin tsibi, gari ya tsaya a tsakiya.

Lissafin abin da zai cika mol haka yake. A ce mol ɗinka 400 da 300 da 75 ne a milimita, cikinsa kiyubik mita 0.009 ke nan. Idan gwajin Rice ya ba ka 2.500, wato kilo 2,500 a kiyubik mita, kuma kana neman gurbin iska kashi 7 cikin ɗari, nauyin kowace kiyubik mita zai zama 2,500 sau 0.93, wato kilo 2,325. Sau 0.009, kilo 20.9. Kashi 7 yana kama da hanyar da aka gama dannewa yanzu, kashi 4 yana kama da wadda motoci suka taka shekaru. Zaɓi ɗaya. Gefen allo ya fi tsakiyarsa iska, kuma gefen za ka yanke ka zubar, saboda haka sandunan sukan fito da gurbi ƙasa da na lissafi. Allon farko na gwaji ne, da shi za ka gyara nauyin na gaba.

Bitumin 60/70 ana kwaɓa shi wajen digiri 150 zuwa 160. Raba shi a ƙananan gwangwanaye tun farko, kowane allo da nasa. Babban gwangwani da ake dafawa a huce a sake dafawa kullum yana ƙara tauri, allon ƙarshe ya bambanta da na farko alhali a takarda abu ɗaya ne.

Bayan kwaɓi, baza shi a faranti kaurin milimita 25 zuwa 50, a tanderu a digiri 135 tsawon awa 4, kana juyawa duk awa ɗaya. Wannan yana kwaikwayon tsufan da kwaɓi ke yi a injin haɗi da cikin tifa. Kwaɓin da aka ɗebo daga injin kamfani ya riga ya yi wannan tsufa, ɗumama shi kawai za ka yi, da zarar ya kai zafin dannewa ka fitar. Mai son ganin halin kwalta bayan shekaru a rana yakan saka sandunan da aka yanka a digiri 85 tsawon awa 120. Da irin ranar da ke dukan hanyoyin Gombe, ba ɓata lokaci ba ne.

Mataki na 3: Danne allo

Ɗumama mol da fuskar rola. Zuba kwaɓi a tsakiya ka baza da cebur ƙarami zuwa kusurwoyi, kada ka watsa shi daga sama. Soka kusurwoyin da tsinken ƙarfe. Fara dannewa kwaɓi yana wajen digiri 140 zuwa 145, da nauyi kaɗan, kana ƙarawa har fuskar allo ta yi daidai da bakin mol. Da hunturu iska na shanye zafi da sauri, rufe tagogi ka kashe fanka. Yi wa allo alamar sama da kibiyar inda rola ta bi, ka bar shi ya kwana a cikin mol.

Idan babu rolar ɗakin gwaji, ana iya kafa mol mai ƙarfi a daɓen siminti a bi ta kansa da ƙaramar rolar hannu ta masu facin hanya. Ko kuma a yanko allo daga filin gwaji na hanyar da ake ginawa, a ɗauko shi kwance a kan katako. Gudumar Marshall ba ta danne allo.

Mataki na 4: Yanka

Sandar da ake nema milimita 380 ce a tsawo, 63 a faɗi, 50 a kauri, da sassaucin milimita 6 a kowanne. A cire aƙalla milimita 6 daga kowace fuska, don kowace fuska ta zama yankakkiya mai santsi. Allon da muka lissafa zai ba da sanduna uku cikin kwanciyar hankali, huɗu idan hannunka ya faɗa.

Kwalta mai ɗumi ba ta yankuwa da kyau, zarto yana tumɓuke tsakuwa maimakon ya raba ta. Da bazara ka ajiye allo a ɗaki mai sanyi ya kwana, ka yi yankan da sassafe, ruwa yana zuba sosai, ka tura a hankali. Sandar da gefenta na ƙasa ya ɓalle a tsakiya ka ware ta, don daga wurin tsaga za ta faro.

Mataki na 5: Awo da gurbin iska

Auna kauri da faɗi a wurare uku a tsakiyar sanda ka ɗauki matsakaici. Kada ka shigar wa kwamfuta 50 da 63 don kawai su ne a takarda. Kauri yana shiga lissafin tauri sau uku, sandar da take 52 ka rubuta 50 za ta nuna tauri da ya zarce na gaskiya da kusan kashi 12 cikin ɗari. Ɗora rular ƙarfe a kowace fuska ka duba ko haske na wucewa.

Sai gurbin iska. Auna nauyinta a bushe (A), a cikin ruwa mai digiri 25 (C), sannan bayan ka goge jikinta da tsumma mai danshi (B). Gmb, wato nauyin sanda idan aka gwada da na ruwa mai girmanta, = A ÷ (B − C). Gurbi = 100 × (1 − Gmb ÷ Gmm), inda Gmm shi ne sakamakon Rice. Ruwan tankin sama a watan Afrilu ya wuce digiri 25 nesa, sai ka sa ƙanƙara kana duba ma'auni. Duk sandar da ta kauce wa abin da ake nema da fiye da rabin kashi zuwa kashi ɗaya, a cire ta. Masu sauran kuma ka rarraba su a matakai uku ta yadda babu matakin da zai kwashe masu yawan iska shi kaɗai.

Busar da su a gaban fanka, ba a tanderu ba. Ajiye su kwance a kan gilashi ko miƙaƙƙen ƙarfe, kada a ɗora wata kan wata, a wurin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Sandar da ta yi mako a kan teburi mara daidai a ɗaki mai digiri 38 ta riga ta gantsare kafin ta ga inji.

Mataki na 6: Daidaita zafi da ɗorawa

Idan injinka na da LVDT da ke taɓa gefen sanda, manna ɗan ƙarfen da zai hau a daidai tsakiyar tsawo da tsakiyar kauri, ka bar gam ya kama. Wasu injuna a saman sanda yake zama, ba sai da gam ba.

Saka sanda a akwati a digiri 20 tsawon awa 2 aƙalla. Abin da ma'aunin akwati ke nunawa zafin iska ne, ba na cikin sanda ba. Huda wata sandar asara, cusa ma'aunin zafi a cikinta, ajiye ta gefe, ita za ta gaya maka gaskiya. Wanda ba shi da akwati yakan yi da ɗaki mai na'urar sanyi da akwatin katako mai soso a ciki, amma sai ya riƙa rubuta zafin duk rabin awa, ya kuma faɗa a rahoto, don bambancin digiri biyu yana bayyana a tauri.

Za a tambaye ka me ya sa digiri 20 alhali kwaltar Bauchi tana ƙona ƙafa da rana. Amsar ita ce a zafi mai yawa matsalar kwalta lotsawa ce, gajiya kuwa a matsakaicin zafi take cin ta, da daddare da asubahin hunturu, lokacin da manyan motoci suka fi tafiya. Kana iya ƙara jeri a 25 ko 30 don kusantar yanayinmu. Sama da haka sanda tana saki da kanta a cikin mariƙai, abin da kake aunawa ya daina zama gajiya.

Tazarar mariƙan waje milimita 357 ce, tsakanin kowane mariƙi da na kusa da shi 119. Yi amfani da ƙarfen saiti da ya zo da inji. Zura sanda, ɗaure na waje tukuna, sannan na ciki. Ɗauri mai yawa yana lotsa kwalta ya jawo tsaga a bakin mariƙi, mai sako-sako kuma yana barin sanda tana wasa, sai ka ga layin nauyi a kwamfuta ya yi ɗan kwanciya duk sanda ya ratsa sifili. Saita LVDT a tsakiyar iyakarsa, rufe akwati, ka ba shi minti 10 zuwa 15 zafi ya dawo sandar ma ta huce daga ɗaurin.

A injin iska ka zubar da ruwan tankin kwamfuresa kowace safiya, musamman da damina. Da hunturu kuma ƙura ce ke maƙale tsinken LVDT.

Mataki na 7: Gudanar da tsarin tsayar da lanƙwasa

Saka saurin zagaye 10 a daƙiƙa. Ƙa'ida ta yarda da 5 zuwa 10. Goma tana kama da mota mai gudu a buɗaɗɗiyar hanya. Tirela mai rarrafe a hawan tudu ko a bakin shingen bincike ta fi kama da ƙaramin sauri.

Kwamfuta ce ke lissafi, amma ka iya shi da hannu don ka kama ta idan ta kauce:

ƙarfin ja = 0.357 × P ÷ (b × h²)
miƙewa = 12 × δ × h ÷ (3L² − 4a²)

P nauyi ne a niyuton, b faɗi, h kauri, δ lanƙwasar tsakiya, L = 0.357, a = 0.119, duk a mita. Ga sanda mai 63 da 50, miƙewa 400 tana nufin lanƙwasar milimita 0.217 kacal. Idan taurinta MPa 5,000 ne, ƙarfin ja zai zama MPa 2, nauyi kuma wajen niyuton 880. Ka lura wannan lissafin na δ ne da aka auna daga mariƙan waje. Injin da ke auna ta daga wani wuri yana da nasa lissafin, duba littafinsa.

Taurin da aka samu a zagaye na 50 shi ne taurin farko. Tsaya a gaban inji har zagaye 500 na farko su wuce. Sandar da taurin farkonta ya yi nesa da na 'yan'uwanta, ko awo ne ba daidai ba ko ɗauri ko zafi, gara ka tsayar tun da wuri.

Tauri yakan sauka a zango uku: faɗuwa mai sauri da farko, doguwar gangara mai sauƙi, sai faɗuwar ƙarshe idan babbar tsaga ta buɗe. Tsohon ma'aunin karaya shi ne zagayen da tauri ya koma rabin na farko. Sababbin bugun ƙa'idar suna amfani da zagayen da tauri sau adadin zagaye ya kai ƙololuwa ya fara sauka. Bar inji ya wuce duka biyun, ka rubuta duka biyun. Kwaɓi mai roba yakan kai rabin tauri ba tare da ko tsaga ɗaya ba, wanda ya tsayar a nan ya zalunce shi.

Matakin miƙewa ya zama wanda sanda za ta kai zagaye 10,000 aƙalla. Ta ɗaya ɓangaren kuma ka yi lissafin lokaci: zagaye 36,000 ne a awa, miliyan ɗaya kusan awa 28 ke nan ba tsayawa.

Mataki na 8: Gudanar da tsarin tsayar da nauyi

Ɗorawa da zafi duk ɗaya ne. Fara da ɗan gajeren gwaji na zagaye 50 zuwa 100 a miƙewa ƙarama, kamar 50, don ka san taurin sanda, ka lissafa nauyin da zai ba da miƙewar farko da kake so. Fara da ƙasa da matakan da ka yi a mataki na 7, in ba haka ba sanda za ta karye kafin ka zauna.

Dole ka saka wa inji iyakar motsi. Idan sanda ta karye babu iyaka, ƙarfen injin da ke dannawa zai zabura ya lalata LVDT, kuma ba kaya ne da ake samu a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ba. Karaya a nan ita ce karyewa gaba ɗaya, ko zagayen da miƙewa ta ninka ta farko. Faɗi wadda ka ɗauka. A zanen sakamako, miƙewar farko ce ake amfani da ita.

Mataki na 9: Siffar lodi da hutu

Lodi na iya zama mai kai-da-komo, sama da ƙasa daidai wa daida, ko mai gefe ɗaya, ya danna ya koma sifili. A tsarin tsayar da nauyi, mai gefe ɗaya yana sa sanda ta riƙa gantsarewa a hankali ba ta komawa, sai lotsawa ta cakuɗu da gajiya. Yi amfani da mai kai-da-komo. A tsarin tsayar da lanƙwasa kuwa akwai tarko: ko ka saka mai gefe ɗaya, bayan 'yan zagaye sanda tana sabawa da sabon matsayi a tsakiya, nauyi ya koma kai-da-komo. Wato 400 na gefe ɗaya daidai yake da 200 sama 200 ƙasa. Kafin ka gwada sakamakonka da na wani, tabbatar da abin da lambarsa ke nufi, daga tsakiya zuwa ƙololuwa ko daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa.

Hutu tsakanin bugu yana ƙara wa sanda rai sosai, domin bitumin yana ɗan haɗe ƙananan tsagu idan aka bar shi. Hanya tana samun wannan hutu tsakanin mota da mota, inji ba ya bayarwa sai ka umarce shi. Daga nan za ka gane illar ɗaukewar wuta. Sandar da ta huta awa biyu a akwatin da ya ɗumama ta warke, taurinta zai tashi idan aka ci gaba. Ɗaukewar minti ɗaya zuwa janareta ka rubuta zagayen da abin ya faru ka ci gaba. Doguwar ɗaukewa kuwa, sandar ta fita daga lissafi. Gwajin da zai kwana a ɗora shi kan janareta tun daga farko, a tanadi mai na awa 30.

Mataki na 10: Duba sanda, zana layi

Fitar da sanda ka nemi tsagar. Dole ta kasance tsakanin mariƙan ciki biyu. Wadda ta tsage a ƙarƙashin mariƙi ko a waje ba a ƙirga ta. Ɓalla ta ka duba fuskar: tsaga ta bi ta cikin bitumin, ko tsakuwa ta fashe, ko tsakuwa ta fito fes ba bitumin a jikinta. Ta ƙarshen alama ce ta rashin kamu ko danshi.

Zana log na adadin zagaye da log na miƙewa, ka fitar da miƙaƙƙen layi: N = k1 × (1 ÷ miƙewa)^k2, inda N adadin zagaye ne, k1 da k2 kuma lambobin da layin ke bayarwa. Ga lissafi na misali: sanduna a 600 sun ba da 20,000, a 300 sun ba da 320,000. Rabin miƙewa ya ba da ninki 16, k2 ya zama 4, kuma miƙewar da za ta kai zagaye miliyan ɗaya wajen 226 ce. Wannan lamba ta ƙarshe ita Turawa ke gwada kwaɓi da kwaɓi da ita. Yawanci k2 yana faɗawa tsakanin 3 da 6, idan naka ya fita nesa, koma ka duba awo.

Sanduna biyu daga allo ɗaya suna iya bambanta da ninki biyu ko uku, wannan halin gwajin ne. Ɗauki matsakaicin log, ba na lambobin kansu ba. Kada ka ja layi ya wuce matakan da ka gwada da nisa. Kuma adadin zagayen ɗakin gwaji ba adadin motocin da hanya za ta ɗauka ba ne, hanya takan fi daɗewa saboda hutu da yadda tayoyi ba sa bin layi ɗaya, sai an yi amfani da ma'aunin gyara da aka samo daga hanyoyi na gaske.

Idan babu injin sanda

Hanyar da ta fi sauƙin samu ita ce matsa dunƙule ta gefe. Ɗauki dunƙulen milimita 100 a faɗi, irin na Marshall ko wanda aka haƙo daga hanya, ka yanka shi ya koma kaurin 40. Tsayar da shi a gefensa tsakanin siraran ƙarafa biyu masu faɗin milimita 12.7. Ƙa'idar Turai tana ba da bugu na daƙiƙa 0.1 da hutun 0.4. Ƙarfin ja a tsakiya = 2P ÷ (π × d × t), d faɗin dunƙule, t kaurinsa, don haka kPa 500 yana buƙatar niyuton 3,140. Miƙewar farko = ƙarfin ja × 2.05 ÷ tauri, idan an ɗauki 0.35 a matsayin adadin Poisson, mai nuna yadda abu ke faɗaɗa ta gefe idan an matsa shi. Da tauri 4,000, wajen 256 ke nan.

Wannan hanya tsarin tsayar da nauyi ce kawai, mai gefe ɗaya, dunƙule yana lotsewa yana tsagewa lokaci guda, saboda haka ran da take bayarwa gajere ne kuma tana fifita kwaɓi mai tauri. Ta isa gwada kwaɓi biyu a yanayi ɗaya a digiri 20 ko 25. Ba a haɗa lambobinta da na sanda a layi guda. Dunƙulen da ya murƙushe a ƙarƙashin ƙarfe maimakon ya rabe a tsakiya, a cire shi.

Injin Marshall kansa, mai tafiyar milimita 50.8 a minti, ba ya bugu mai maimaituwa. Idan ka matsa dunƙule ta gefe da shi har ya fashe, ƙarfin tsagewa ka auna, ka kira shi da sunansa a rahoto. Wanda aikinsa ke buƙatar gajiya ta gaske ya shirya sandunansa, ya jera su kwance a akwati mai soso, ya kai su inda inji yake da sassafe, ba a bayan akori-kura a tsakar rana ba.

A rahoto, kusa da kowace lamba, a ga tsarin lodi, siffarsa, hutu idan akwai, sauri, zafi, ma'anar karayar da aka ɗauka, gurbin iska da awon kowace sanda, irin tsufantarwar da aka yi, da jerin sandunan da aka cire tare da dalilin cire kowacce.